Mai Nama Ke Neman Wuta: Yajin Gida da Gashin Awaza

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta, ya gabatar a wajen walimar taron shekara-shekara da aka gudanar a Nassarawa GRA, Kano



GABATARWA

Lokacin da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mana da takardar gayyata, ya bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kansa. Mun san da yawa daga cikinku sun zaci za mu sake ɗauko maganar rufin makarantar firamare da iska ta yaye, ko ta rijiyar burtsatse, kamar yadda muka saba. Waɗannan duk suna nan a cikin rahoton sakatare. A yau mun zaɓi mu yi magana a kan yaji da gashin nama, musamman gashin awaza, wato haƙarƙarin rago ko na sa. Muna roƙon kada a yi saurin cewa tsufa ya fara taɓa Malam, a bari mu kai aya tukuna.

Dalilin wannan zaɓi wani abu ne da ya faru a idonmu a Babbar Sallar da ta wuce, a wani gida da ke cikin wannan unguwa. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, wanda Allah Ya yi wa rufin asiri, ya gayyace mu cin nama. Ya sayo murhun gashi na zamani mai murfi da ƙafafu, ya kuma sayo wata 'yar kwalba ta garin yaji daga ƙasar waje, a kan kuɗin da zai sayi mudun barkono har a ba shi canji. Aka zuba gawayi, aka hura wuta tana ci bal-bal, aka barbaɗe awazar rago da garin nan, aka ɗora. Kafin rabin awa bayanta ya ƙone ƙurmus, cikinta kuwa jini na tsatstsafowa, sai da aka koma da ita tukunya. Ana cikin haka muka fiddo 'yar kimba daga aljihu, muka tambayi jikokinmu su biyar ko akwai wanda ya san sunanta. Babu ko ɗaya. Wata ta ce busasshen wake ne.

Mun yi dariya a ranar, amma da muka koma gida sai abin ya tsaya mana a rai. Garin da aka san shi da mahauta da mata masu dakan yaji, a ce jikokinsa ba su san kimba ba. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

LAIFINMU MU MALAMAI

Kafin mu nuna wani da yatsa, ya kamata mu fara da kanmu. A wannan unguwa ta Nassarawa ne Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a shekarar 1909, kuma gidansa yana nan har yau ana zuwa kallo. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na shekarar 1976, jikokin waccan makaranta ne. An koya mana abubuwa masu amfani ƙwarai, amma mun fito da wani tunani maras kyau, cewa duk sana'ar da ba ta alƙalami ba ce, ta wanda ya kasa ce.

Muna tune da wani yaro ɗan mahauta da muka koyar a aji biyar. Kusan kullum a makare yake zuwa, rigarsa na warin hayaƙi, domin sai ya taya mahaifinsa jera tsire a tukuba da dare, da asuba kuma ya raka shi mayanka. Mun sha yi masa bulala, mun kuma sha ce masa idan bai yi hankali ba a tukuba zai ƙare. A tukubar kuwa ya ƙare. Yau yana da rumfunan gashi a Legas, yaran garinmu da dama suna cin abinci a ƙarƙashinsa, kuma da aka tashi gyaran ajin da muka riƙa dukansa a ciki, gudummawarsa ta fi ta kowa. Mun nemi gafararsa, ya yafe mana. To amma yara nawa muka sa suka ji kunyar sana'ar iyayensu, suka bar ta, ba su samu aikin ofis ɗin ba, ba su kuma riƙe ta gadon ba? Wannan jawabi wani ɓangare ne na biyan bashin da ke kanmu.

TARIHIN DA KE CIKIN ƘULLIN YAJI

Idan mai tsire ya ƙulla maka yaji a takarda, tarihin kasuwancin ƙasar Hausa ya ƙulla maka. Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya tsirrai ne na dazuzzukan kudu masu yawan ruwa, fatake ne suka riƙa hauro da su tare da goro zuwa kasuwanninmu, musamman Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ita citta mai 'ya'ya har ƙetare Sahara ta riƙa yi a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka da Turai, kuma saboda ita ne Turawa suka laƙaba wa gaɓar tekun ƙasar Laberiya ta yau suna. Kanumfari kuwa asalinsa daga tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, daga baya aka yi ta noma shi a Zanzibar, sunansa ma daga Larabci muka aro shi.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, barkono da gyaɗa, waɗanda su ne ƙashin bayan yajin tsire, baƙi ne a wurinmu. Dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sai bayan shekarar 1492 suka ƙetaro teku, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka, sannu a hankali suka iso gare mu. Kakanninmu ba su ƙi baƙon abu ba, sun karɓe shi, sun sarrafa shi har ya zama nasu. Matanmu ne suka gano yadda za a matse mai daga gyaɗa, a soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, mahautanmu kuma suka gano cewa garin ƙuli-ƙuli shi ke riƙe yaji a jikin nama.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan daga kakar 1912, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta yi suna a duniya, wadda ba a ambatonta sai an tuna da Alhaji Alhassan Ɗantata. Fari na 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da wannan ciniki, dalar ta ɓace. Amma turmin ƙuli-ƙuli bai daina ƙara a gidajenmu ba. Abin da ke hannun mata a cikin gida ya fi abin da ke bakin tasha ƙarko.

Citta mai yatsu kuwa a kudancin Jihar Kaduna aka fi noma ta, wajen Kachiya, Kwoi da Kagarko. Duk mai zuwa cefane ya ji a jikinsa lokacin da wata cuta ta lalata gonakin citta a can a daminar 2023, farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ya nuna mana cewa ƙullin yaji ɗaya ya haɗa manomin Kachiya da na Ɗambatta da ɗan kasuwar Kurmi a tsintsiya guda.

INDA SANA'ARMU TA KAI

Ku da ke zaune a birane kun fi mu sanin inda wannan sana'a ta kai. Daga Obalende da Agege a Legas, zuwa Sabo ta Ibadan, babu inda za ka je da magariba ba ka ga fitilar mai tsire ba. A Gana suna ce masa cicinga, a Kamaru suna cewa soya, a Sudan kuwa agashe, kalmar da duk Bahaushe zai gane daga inda ta fito. A ƙarshen shekarar 2024 babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmar suya cikin jerin kalmominsa. A matsayinmu na tsofaffin malamai dole mu yi gyara a nan: a Hausa suya aikin mai ne da kasko, abin da ake jerawa a tsinke a kafa a gefen wuta sunansa tsire, wanda ake shimfiɗawa a kan waya balangu ne, wanda ake fefe shi a shanya a rana kuma kilishi. Idan baƙi sun haɗa su a suna ɗaya, bai kamata 'ya'yanmu su kasa bambance su ba.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu farkawa. A farkon shekarun 2020 sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, domin kada wani ya sayar da nasa da sunansu. A Amurka ma gashin haƙarƙari abin alfahari ne, har gasa ake shiryawa a kansa. Mutanen birnin Memfis sun yi suna wajen shafa busasshen garin yaji, na Jihar Tekzas kuma sukan gasa haƙarƙarin sa da gishiri da masoron Turawa kawai. Galibin nasu na alade ne, wanda ba abincinmu ba ne, amma darasin da ke ciki shi ne, kowane gida da kowane gari yana riƙe da haɗinsa, yana tinƙaho da shi. Kwalbar da ɗanmu ya sayo da tsada, yajin gidan wasu ne da suka daraja nasu.

ME YA SA YAJIN GIDA?

Wani zai ce, tunda ana sayar da yaji a ƙulle a kowace kasuwa, mene ne na wahalar daka? Amsa ita ce lafiya. Ba mu ce duk mai sayar da yaji maha'inci ne ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Sai dai abin da aka riga aka niƙa, ido ba ya iya tantance shi.

Na farko, gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da wata guba da masana ke kira afulatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Gubar nan tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanta, kuma suya ko gashi ba sa kawar da ita. Mai son riba yakan sayi ruɓaɓɓiyar gyaɗa da araha ya yi ƙuli-ƙulin yaji da ita, tunda barkono zai rufe ɗacin. Barkonon kansa ma yana yin wannan fumfuna idan bai bushe ba.

Na biyu, akwai masu zuba rini domin yaji ya yi ja. Wannan ba a nan kaɗai ake yi ba. A watan Fabrairu na 2005 sai da aka janye ɗaruruwan nau'o'in abinci daga kantunan Ingila saboda an samu wani jan rini mai haɗari a cikin garin barkonon da aka yi amfani da shi.

Na uku, gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abincinsa. Yajin kasuwa sau da yawa gishiri da dunƙule ne suka fi yawa a cikinsa, domin sun fi citta da masoro araha. Idan muka dubi wannan zaure, mu nawa ne ke shan maganin hawan jini? Wanda ya daka yajinsa shi ke da iko da gishirinsa. Rigakafi, an ce, ya fi magani.

YADDA AKE HAƊA YAJIN AWAZA

Abin da za mu faɗa yanzu ba daga littafi muka samo shi ba. Daga bakin marigayi Sarkin Fawan garinmu muka ji shi, Allah Ya jiƙansa, da kuma iyayenmu mata da muka tashi muna kallo suna dakan yajin jego. Mun jarraba shi shekara da shekaru. Muna roƙon matasa su fiddo alƙalami.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar awaza kamar tsire. Tsire yanka ne falan-falan, mintoci kaɗan ya gasu, shi ya sa ake birkiɗa shi cikin garin ƙuli tun kafin ya ga wuta. Awaza kuwa tana da ƙashi da kitse da jijiya, tana buƙatar awanni. Idan aka shafa mata ƙuli-ƙuli tun farko, zai ƙone ya yi ɗaci tun nama bai fara nuna ba. Saboda haka yaji biyu ake yi mata, na kwana da na ƙarshe.

Yajin kwana, ga awaza mai nauyin kilo 2: gishiri ƙaramin cokali 3, garin citta mai yatsu ƙaramin cokali 2, masoro ƙaramin cokali 1, kimba guda 2, kanumfari ƙwaya 4, tafarnuwa ƙwaya 6, albasa madaidaiciya guda 1, sai man gyaɗa babban cokali 2. A ɗan gasa masoro da kimba da kanumfari a busasshen kasko har ƙamshinsu ya tashi, kada a bari su yi baƙi. A fasa kimbar a zubar da 'ya'yan, domin ɗaci ke gare su, ƙamshin a jikin ɓawon yake. Kanumfari kuma a yi hattara da shi, idan ya yi yawa shi kaɗai za a riƙa ji. A daka su su yi laushi, a zuba tafarnuwa da albasa a kirɓa, a kwaɓa da man.

Kafin a shafa, a juya awazar ta cikinta, za a ga wani farin tantani a manne da ƙasusuwa. A sa bakin wuƙa a ɗaga gefensa, a kama da tsumma mai tsabta a yaye shi, domin yana hana yaji shiga, kuma idan ya gasu tauri yake yi kamar fata. A rage kitsen da ya yi kauri, amma kada a kwashe duka. Sannan a tsattsaga naman kaɗan tsakanin ƙashi da ƙashi, a murza yajin da hannu ko'ina. A rufe a sa a firiji ya kwana. Idan babu tabbacin wutar lantarki, to awa ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi ya wadatar, kada a bar ɗanyen nama ya kwana a rufe cikin zafin Kano. Hikimar wannan jira ita ce, gishiri ne kaɗai ke ratsawa can cikin tsoka, kuma yana buƙatar lokaci. Sauran kayan ƙamshi a bayan nama suke tsayawa, shi ya sa ake tsaga musu hanya.

Yajin ƙarshe, da gwangwanin madara za a auna: garin ƙuli-ƙuli gwangwani 2, garin busasshen tattasai rabin gwangwani domin launi, barkono rubu'in gwangwani ko fiye gwargwadon ƙarfin baki, garin citta mai yatsu rubu'in gwangwani, citta mai 'ya'ya ƙaramin cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1. Mai son daddawa ya busar da ita sosai ya ƙara kaɗan, za ta ɗauke masa buƙatar dunƙule. A tabbata ƙuli-ƙulin maras sukari ne, wanda aka matse mansa da kyau, daga hannun wadda aka san irin gyaɗar da take saye. A daka kowanne daban, domin taurinsu ba ɗaya ba ne, a tankaɗe da rariya, sannan a haɗa. A zuba a kwalba busasshiya mai murfi, a nisanta ta da rana da laima. Kada a daka na shekara guda, domin sauran man da ke cikin ƙuli yakan canza wari bayan 'yan makonni. Duk waɗannan kaya ana samun su a Kurmi, ko Kasuwar Rimi, ko 'Yankaba da ke nan kusa da mu.

WUTA DA HAƘURI

Yaji rabin aiki ne, sauran rabin wuta ce. Da farko, a ba naman haƙƙinsa. Dabbar da aka yanka yanzu tsokarta takan sandare bayan 'yan awanni, sai daga baya ta saki. Wannan ne ya sa iyayenmu a ranar layya suke fara cin kayan ciki, su rataye ragon a wuri mai iska sai washegari a sassara shi. Ba su karanta kimiyya ba, amma sun lura.

Abu na biyu, awaza ba ta son harshen wuta, garwashi take so. A bari gawayi ya kama har ya yi farar toka a bayansa, sannan a ture shi gefe ɗaya na murhu, a ɗora naman a ɗaya gefen, ƙashi yana kallon ƙasa. Dubi tukubar mai tsire: wuta a tsakiya take, tsinkaye a kewaye, ba a kanta ba. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 120 ko kusa da haka. Wanda ba shi da shi ya miƙa tafin hannunsa a daidai inda naman zai zauna. Idan ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma kafin ya janye, wutar ta yi daidai. A rufe da murfi ko da babban faranti, a riƙa juyawa duk bayan rabin awa. Awazar rago takan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi, ta sa kuwa awa huɗu ko fiye.

Dalilin wannan jinkiri shi ne jijiyar da ke sa awaza tauri. Zafi mai yawa ƙanƙance ta yake yi, amma zafi kaɗan na dogon lokaci narkar da ita yake yi ta zama irin danƙon nan da muke ji a romon ƙafar saniya. Mai haƙuri, in ji magabata, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Idan aka ga nama ya ja baya daga bakin ƙasusuwa, tsinke kuma yana shiga ba tare da turjiya ba, to ta nuna.

A nan ne yajin ƙarshe ke shigowa. A shafa man gyaɗa, a barbaɗa yajin ciki da baya, a matso da naman kusa da garwashi na minti goma zuwa sha biyar, ana juyawa, har ya yi ja mai duhu, ƙamshin gyaɗa ya tashi. Wannan launi da ƙamshi wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin yadda suke samuwa, a shekarar 1912, shekarar da gyaɗar Kano ta fara hawa jirgi da yawa. Mahautanmu sun daɗe da sanin abin a aikace. A sauke, a rufe, a bar shi ya huta minti goma kafin a sa wuƙa, domin romonsa ya zauna. A kawo da albasa da tumatir da sauran yaji a gefe.

Akwai abubuwan da ya wajaba a kiyaye. Kada a hura gawayi da leda ko roba ko tsohuwar taya. Kada a naɗe nama a takardar siminti ko jarida, akwai takardar gashi mai tsabta a kasuwa. Kada a bari kitse ya riƙa ɗiga a kan garwashi yana tayar da baƙin hayaƙi, inda ya ƙone kuma a yanke a zubar. Farantin da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya ɗauki gasasshe sai an wanke shi. Sannan mu tuna cewa gawayin kirya da na marke da muke yabo, daga dazuzzukan ƙauyukanmu ake saro su, kuma kowa ya ga yadda suka yi sarari.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ba mu zo nan domin koyar da girki kawai ba. Muna gabatar wa wannan taro shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, reshen mata ya zauna da tsofaffinmu masu dakan yaji da dattawan mahauta da suka rage, a rubuta haɗe-haɗensu, na tsire, na kilishi, na jego da na daddawa, a buga a wannan mujalla. Sarkin Fawan da muka ambata ya tafi da abubuwa da yawa da ba mu tambaye shi ba.

Na biyu, a kafa ƙungiyar gama kai ta mata masu ƙuli-ƙuli da yaji a gida, a ba su rancen jari maras ruwa, a koya musu zaɓen gyaɗa da shanya a kan tabarma ko dandamali maimakon ƙasa, a kuma taimaka musu su yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, yadda kayansu za su shiga manyan kantuna da sunan garinmu a jiki.

Na uku, kowane ɗan ƙungiya da ke birni ya ɗauki alkawarin sayen yajin gidansa daga wurin waɗannan mata. Kuɗin da muke kashewa a kan kwalaben waje, idan ya koma gida, zai biya wa marayu da yawa kuɗin makaranta.

Na huɗu, rassanmu na birane su jawo 'ya'yanmu masu sana'ar gashi a jiki, a yi musu rajista a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya, a shirya musu bita kan tsabta da adana kuɗi. Su ma jakadunmu ne, kuma sun fi yawancinmu haɗuwa da jama'a.

Na biyar, a ware wani abu daga asusun ƙungiya domin dashen itatuwa a kowace damina, a danƙa kulawarsu ga makarantunmu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, Hausawa na cewa mai nama ke neman wuta. Naman namu ne, sana'ar tamu ce, sunan ma namu ne. Babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya adana mana su. Roƙonmu ga iyaye shi ne, idan Sallah ta zo, kada a miƙa komai ga ɗan aiki a shige ɗaki. A kira yara, maza da mata, a ba su taɓarya, a nuna musu kimba da masoro, a bar su su yi atishawar barkono, a zaunar da su a gefen garwashi su koyi jira. Jikar nan tamu da ta ce kimba busasshen wake ce, ita ta daka yajin awazar da za a kawo muku nan da ɗan lokaci. Idan ya yi daɗi ku yaba mata, idan gishiri ya yi kaɗan kuma laifinmu ne, mu muka riƙe hannunta.

 Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.